Amsa: Ana iya hawa dalar Chichen Itza kuwa?

Ɗan'uwa ka tambaya ko za a bar ka ka hau babbar dalar nan ta Chichen Itza, tsohon birnin mutanen Maya, in ka je Meziko, toh gaskiya a'a, sun hana hawa tun shekaru da dama, an zagaye ta da igiya, wanda ya tsallake ma sai ya sha tara. Amma kada hakan ya sa ka fasa, don abin kallon daga ƙasa yake. Dalar, wadda ake kira Kukulkan, gefe huɗu gare ta, kowane gefe matakala 91, ka haɗa da dandamalin sama ya zama 365, kwanakin shekara kenan, ka ga mutanen Maya ba wasa ba ne wajen lissafin rana. In ka tsaya gaban matakalar ka tafa hannu za ka ji amon ya dawo kamar kukan tsuntsun quetzal, wallahi abin na da ban mamaki ko da masu jagora sun cika maimaita shi har ya gundure ka. A wajen 21 ga Maris da kuma ƙarshen Satumba inuwa takan sauko gefen matakalar arewa kamar maciji, amma cunkoson ranar ba a magana.

Shawarata ka kwana a Valladolid, wani gari da ke kusa da wurin, ka isa ƙarfe 8 na safe da an buɗe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido daga birnin Cancun su cika wurin, rana tana dukan mutum sosai kuma inuwa kaɗan ce. Kar ka tsallake tsohon filin ƙwallon mutanen Maya da ke wurin, tsawonsa mita 168.

In kuma ado a jikin dutse kake so, ni dai Uxmal, wani tsohon birnin Maya kusa da garin Merida, ta fi burge ni, mutane ma ba su kai yawa ba.