Ɗana ya ce "maganinsa ke nan"

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ɗana mai shekara 19 ya nuna min bidiyon wani saurayi da jama'a suka rufe da duka, wai ya saci waya. Ni kasa kallo na yi. Shi kuwa cewa ya yi, "Umma, ai ɓarawo ne, maganinsa ke nan." Yaron da a da ko jini ya gani sai jiri ya ɗebe shi! Kallon nan ne ya mai da shi haka?
Daga wata uwa

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Maganar ɗanki ta fi bidiyon tayar min da hankali, don na sha jin irinta daga bakin manya ma.

Ki lura da inda irin wannan bidiyon yake farawa. Sai ihu ya tashi mai ɗauka yake zaro wayarsa, don haka da wuya a ga satar kanta. Abin da ɗanki ya gani mutum ne kwance a ƙasa, da 'yan kalmomin da wani ya rubuta: "an kama ɓarawo". Kalmomin nan su ne shaida, su ne alƙali, kuma ba wanda ya san wa ya rubuta su.

A Indiya, cikin 2018, an yi ta yaɗa wani bidiyo a WhatsApp na wasu mutum biyu a kan babur suna sungumar yaro. Ashe a Karachi ta Pakistan aka shirya shi don faɗakar da iyaye, aka yanke ƙarshensa inda suke dawo da yaron. Jita-jitar ɓarayin yara ta cika garuruwa, har a watan Yuli aka kashe baƙi biyar a ƙauyen Rainpada na Indiya, wai ɓarayin yara ne. Bayan haka ne WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar kawai a lokaci guda.

Sai kuma sabo. Kallon farko gaba na faɗuwa, zuwa na goma ido ya bushe. Abin da ya fi damuna ma ba masu dukan ba ne, 'yan kallon da suka yi da'ira ne, kowa da waya a sama. Yaro ya ga ɗaruruwan mutane ba mai cewa a bari, sai ya ɗauka haka ake yi.

Wasu kuma tsoro ne ke cika su. Bayan harin bam na Boston a Amurka a 2013, masu bincike sun gano cewa waɗanda suka riƙa bin labarin na awa shida ko fiye a kullum sun fi waɗanda abin ya faru a gabansu shiga firgici. Wanda ya tsorata kuwa bai cika jiran bincike ba.

Kada ki ƙwace wayarsa, kada ki yi masa faɗa. Ku zauna ki tambaye shi wa ya ga satar, kuma ina wayar da aka sata. Ki tambaye shi me zai ce in ƙaninsa ne aka yi wa ihun ɓarawo a inda ba a san shi ba. Ki bar shi ya yi shiru in ya ga dama.

Sannan ku kashe saukar bidiyo da kansa a WhatsApp, da kunnuwar bidiyo da kansa a Facebook. In an turo masa, ya kai rahoto ya goge, kada ya tura ko da sunan yin Allah wadai ne. Wanda ake dukan nan yana da uwa, ita ma wayarta na karɓar saƙo.