Ƙarin mahaifa: a huda ko a buɗe ciki?

Wata ta rubuto daga Aboabo, Kumasi: "Anti, sikanin ya nuna ina da ƙari uku a mahaifa, jinin al'ada kuma yakan kai kwana goma. Likita ya ce ko a buɗe ciki ko a yi laparoskopi, wanda ya fi tsada. Ban taɓa haihuwa ba, barci ya ƙaurace mini."

Sannu 'yata, kwantar da hankalinki. Ƙarin nan ya fi yawa a jikinmu mu baƙaƙen mata, kuma kusan dukkansa ba ciwon daji ba ne. A laparoskopi huji uku ko huɗu ake yi, kowanne kimanin santimita ɗaya, a hura iskar gas cikin ciki, a zura kyamara. Binciken likitoci ya nuna zafi ya fi sauƙi, kuma akan miƙe cikin mako 2 zuwa 4, alhali buɗe ciki yakan ci mako 6. Kafaɗa takan yi ciwo kwana biyu, gas ɗin ne. Sai dai in ƙarin ya girma ƙwarai ko ya yi yawa, buɗewar ta fi. Ki tambayi likitan sau nawa ya yi wannan aikin, ki ji ta bakin wani likita a babban asibitin Komfo Anokye, ki kuma tabbatar da abin da katin inshorar lafiya na NHIS zai ɗauka tun kafin ki sayar da zannuwanki.

Wani maigida daga Asawase yana son sanin ko a jinkirta aikin uwargidansa sai bayan Sallah, saboda girki. Malam, tukunya ba ta cizo.

Sai mai tambaya kan shayin da ake tallarsa cewa yana "narkar da ƙari cikin kwana bakwai". Haba! Na ga mai tallar irinsa cikin torotoro daga Kejetia, kwalba ɗaya tak, wai maganin ƙari ce, da basir, da rashin haihuwa. Babu lambar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikinta, takardar ma da gam aka manna a karkace. Wata maƙwabciyata ta kwashe shekara biyu tana zuba kuɗin adashinta a irin waɗannan kwalabe, jini yana ta zuba, har tafin hannunta ya yi fari fat. Da aka kai ta asibiti sai da aka yi mata ƙarin jini, ƙarin mahaifar kuma ya haura cibiya, maganar huji ta wuce, dole aka buɗe. In mai kwalba ya rantse miki, ki ce ya nuna sikanin mace ɗaya, na kafin sha da na bayan sha.