Amsa: Ƙanena yana gidan yari ba lauya

Malam, Allah ya kawo mafita. Ka ce ƙanenka ya shekara a tsare yana jiran shari'a, ko sau ɗaya ba a sake kai shi kotu ba, kuma ba ku da kuɗin lauya.

Fara da ofishin Legal Aid Council na jiharku, wato hukumar da ke ba da taimakon lauya. Tun 1976 gwamnatin tarayya ta kafa ta don masu ƙaramin ƙarfi, kyauta suke yi. Ka tafi da lambar ƙarar da sunan kotun da ta tura shi, in ba haka ba sai dai a yi ta ce maka ka dawo gobe. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a ajiye mutum haka ba a gurfanar da shi ba.

Sannan ka rubuta wa Babban Jojin jiha, domin yakan zagaya gidajen yari ya saki irinsu.