Tambayi Likita: Wane hoto ne ke nuna ƙarin mahaifa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Al'adata tana kai kwana 10, jinin har da guda-guda, marata kuma ta yi tauri. Maƙwabciyata ta ce in je a yi min eksire. Haka ne?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya sauwaƙe. Alamomin nan na iya zama na ƙarin mahaifa. Eksire ƙashi ya fi gani, shi kuwa ƙarin mahaifa tsoka ne, ba ya fitowa a ciki sai wanda ya tsufa ya ƙandare. Sikanin za ki yi. Idan an ce ki sha ruwa ki riƙe fitsari, ki daure, ba mugunta ba ce: cikakkiyar mafitsara ce ke ture hanji gefe, mahaifa ta fito sarai. A haɗa miki da gwajin ciki da na yawan jini.

Tambaya: Takardata ta nuna ƙari santimita 3 kacal, amma jini ya hana ni sakat. Ƙawata nata santimita 8 ne, lafiyarta lau. Ko kuskure aka yi?

Amsa: Ba lallai ba ne, Hajiya. Kowa girman yake fara dubawa a takarda, ni kuwa mazaunin nake nema. Wanda ya tsiro ta wajen mahaifa yana iya girma shiru. Wanda ya leƙo cikin ɗakin mahaifar, ko bai fi goro ba, shi ke tsinka jini, wani lokacin ya hana ciki zama. Irin wannan yakan ɓuya wa sikanin na saman ciki. Sai a yi wanda ake sa na'urar ta gaba (ba a saba yi wa budurwa shi ba), ko a zuba ruwan gishiri na asibiti cikin mahaifa ya buɗe ta, ƙarin ya fito kamar tsibiri a tsakiyar tafki.

Tambaya: Ina da cikin wata 4. Sikanin zai taɓa ɗan?

Amsa: A'a. Da sauti yake aiki, babu irin hasken eksire.

Tambaya: An rubuta wa maiɗakina MRI, kuɗin ba kaɗan ba. Dole ne?

Amsa: Malam, yawancin mata sikanin ya ishe su. MRI, wato hoton da ake ɗauka da na'ura mai maganaɗisu, na da amfani idan ƙarin suna da yawa, mahaifa ta yi girma, kuma ana shirin tiyatar da za a cire su a bar mahaifar; ko ana zargin wata cutar ce daban. Ka koma ka tambayi likitanta wanne ne dalilinsa a ciki.