Akwatin Kakana Ɗan Mazan Jiya: Ta Ina Zan Fara Rubuta Tarihinsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce mazauniyar Agege a nan Legas. Kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce yana da shekara casa'in da 'yan kai. Tsohon soja ne da ya je Yaƙin Bama (Burma) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan an sallame shi ya yi aikin gadi, daga baya ya kama fataucin goro, kuma da wannan ya ciyar da 'ya'ya tara da marayun ƙaninsa uku. Kwanan nan muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, muka tarar da wata lamba mai siffar tauraro, da ƙyalle mai hoton gizo-gizo, da takarda da ta soma cinyewa. Bai taɓa ba mu labarin yaƙin ba, in ban da ruwan sama da matsattsaku. Ina son in rubuta tarihinsa saboda 'ya'yana, amma baffana ya ce addu'a ta wadatar. Ta ina zan fara?

Wata jika, daga Agege.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya sa ya huta.

Bari in fara da kayan akwatin, domin sun riga sun faɗi fiye da yadda kike zato. Idan tauraron yana da tsini shida, kuma zaren da ke jikinsa ja ne a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, to Tauraron Bama ne, lambar da Ingila ta bai wa waɗanda suka yi yaƙi a wannan fage. Gizo-gizo baƙi a kan rawaya kuwa tambarin Runduna ta 81 ce ta sojojin Afirka ta Yamma. Takwararta, Runduna ta 82, tambarinta mashi biyu ne a giciye bisa gammo, saboda dakaru da yawa aikinsu ɗaukar kaya ne a ka cikin kurmin da mota ba ta shiga. Ke nan kakanki yana cikin rundunar da ta kutsa kwarin Kogin Kaladan a 1944 ta gwabza da sojojin Japan, inda ta jirgin sama ake jefo musu abinci da harsasai. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu aka karɓe garin Myohaung, sannan akasarin sojojin suka dawo gida a 1946. Ruwan sama da matsattsakun da yake ambata, gaskiyar wannan ƙasa ce, ba zolayar tsoho ba.

Abin da ya kamata ki nuna wa 'ya'yanki shi ne, wannan tarihi yana rubuce a jikin Legas, sai dai mukan wuce shi a cikin danfo ba mu lura ba. Barikin Myohaung da Barikin An a Yaba, Barikin Arakan da na Tamandu a Apapa, Barikin Dodan da shugabannin mulkin soja suka zauna a ciki kafin a koma Abuja a 1991, duk sunayen wurare ne na Bama. Har yau hedikwatar Runduna ta 81 ta sojan Najeriya a Legas take, ta 82 kuma a Inugu. Alaƙar Bahaushe da soja a wannan birni ma ta girme haka, tunda rundunar da Baturen mulkin mallaka John Glover ya kafa a 1863, wadda sojan ƙasar nan ke ƙirga asalinsa daga gare ta, da Hausawa aka fara ta, kuma Hausa ce harshen bariki har zamanin kakanki.

Amma ga ra'ayina, kuma zan faɗa miki kai tsaye: kada ki fara da yaƙin. Shekarun da ya yi a Bama ba su wuce biyu zuwa uku ba, alhali ya yi sama da shekara sittin yana kwana a bakin ƙofar wani da sanda da fitila, daga baya yana bin huhun goro daga Agege zuwa Arewa. Mutumin da kuka sani a nan yake. Takarda za ta iya jira, amma waɗanda suka san yadda yake raba kuɗin cefane tsakanin 'ya'yansa da marayu ba tare da an gane wanne ne ɗan ciki ba, su ba za su daɗe suna jira ba. Ki nemi gwaggonninki, da tsofaffin abokan cinikinsa a zangon goro, da wanda ya daɗe yana sahu ɗaya da shi a masallaci. Ki ajiye waya tana naɗar murya, ki bar su su yi magana da Hausarsu, kada ki katse su ko da sun karkata zuwa labarin farashin buhun gero. Kuma kada ki tambaye su wane irin mutum ne, domin amsar da za ki samu ita ce "mutumin kirki", shi ke nan. Ki tambayi ƙarfe nawa yake tashi, me yake yi idan kuɗin makaranta ya gagara, da wa ya taɓa ɓatawa kuma yaya suka shirya, wace kalmar bariki ce ta maƙale a bakinsa. Na lura tsofaffin sojoji da yawa har su mutu ba sa iya ganin takalmi da ƙura su ƙyale, kuma irin wannan ƙaramin abu shi ne jikoki ke riƙewa.

Shirun da ya yi game da yaƙin ki bar masa shi. Kada son kaka ya sa ki ɗora masa jarumtar da ba ki da shaida a kanta, ki ce ya kashe kaza ko ya ceci wane. Ki rubuta inda rundunarsa ta je, ki rubuta cewa shi kansa ruwa da matsattsaku kawai ya yarda ya ambata. Mai karatu mai hankali zai fahimci nauyin abin da bai faɗa ba.

Game da takardar, kada ki manna mata salatif, kada kuma ki kai a liƙe ta da roba mai zafi, domin zafin yana lalata tsohuwar tawada kuma ba a iya ɓare ta daga baya. Ki ɗauki hotonta gaba da baya da rana, ki shimfiɗa ta tsakanin farar takarda biyu, ki nisanta ta da laimar Legas. Abin da za ki duba a jiki shi ne lambarsa ta soja da bataliyarsa da ranar sallama. Da waɗannan za ki iya zuwa reshen Legas na ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa, wadda aka kafa a 1964, ki nemi a taimaka miki da bayani.

Baffanki kuwa bai yi kuskure ba, kuma ban so ki mai da wannan abin jayayya da shi. Hadisi ya tabbata cewa aikin mamaci yana yankewa sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Sai dai yaron da bai san kakan mahaifiyarsa ba, da wuya ya tuna da shi a sujada. Ki je wa baffan da wannan cikin ladabi, ki ce shi ne babba kuma daga bakinsa kike son fara ji. Ina kyautata zaton wanda ya ce addu'a ta wadatar shi ne zai fi kowa daɗewa yana ba ki labari. Idan rubutun ya kammala, ki tara iyali ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a karanta, a yi masa addu'a, a fito da tauraron yara su taɓa. Ki kuma aiko mana da hoton takardar, in duba miki bataliyar.