Amsa ga ƙanena na Garwa: inda ake kallon silima da zane a Injamena

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri da ƙarar keken ɗinki, ina shago ne, yara ba su tashi ba tukuna.

Ƙanena na Garwa, na saurari muryarka tun daren jiya, sai yanzu na samu sarari. Ka ce za ka shigo Injamena bayan Sallah ka yi mako biyu, kana zane, kana kuma haɗa 'yan gajerun finafinai da waya, kana so ka san ko akwai inda mutum zai je ya ga aikin masu irin sana'arka. Na kuma ji Alhajinmu ya amsa maka cewa waɗannan wurare na Nasara ne da 'yan boko, ba ruwan Bahaushe da su. Alhaji, Allah ya ƙara girma, ka san ba na tsallake maganarka, amma a wannan kam ka yi mini izini in faɗi abin da idona ya gani.

Bari in fara da Normandi, don shi ne ya fi taɓa ni. Gidan silima ne a kan titin Charles de Gaulle, tsohon gini tun garin nan ana ce masa Fort-Lamy, kafin a sauya suna a 1973. Babanmu, Allah ya jiƙansa, a nan ya yi kallon finafinan Indiya yana saurayi. Ya kan lissafa mana gidajen silima na wancan zamani da yatsunsa: Normandi, Rio, Vog, Etwal, Shaharazad. Sai yaƙi ya zo, na 1979 da 1980, garin ya watse. Iyayenmu a kwalekwale suka haye kogi zuwa Kusiri ta Kamaru, don gadar Ngeli ba a gina ta ba tukuna, ni ma a can aka haife ni. Da aka dawo, gidajen nan ɗaya bayan ɗaya suka mutu. Mu da muka taso, abin da muka sani shi ne ɗakin bidiyo na unguwa: rumfar kwano, benci, janareto yana kuka a waje, kaset ɗin Indiya ko na Kano ko ƙwallo. Ina wucewa ta gaban Normandi shekara da shekaru, a wurina kango ne kawai.

To a 2010 wani ɗan ƙasar nan, Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeshe, ya ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Shi ne kuma ya yi dogon fim na farko na Cadi a 1999, wanda a cikinsa ma ya nuna yadda gidajen silimar garin nan suka lalace. Bayan wannan nasara gwamnati ta sa kuɗi aka gyara Normandi, aka sake buɗe shi a 2011, aka damƙa shi a hannun wani mai shirya fim, Issa Serge Coelo. Na ɗauki Baba a bayan babur muka je. Wallahi ƙanena, da muka isa bakin ƙofa sai ya tsaya, ya ɗora tafin hannunsa a jikin bango, bai ce komai ba. Mai karɓar tikiti yana jiranmu, mutane suna ratsa mu, shi yana tsaye. Da muka zauna aka kashe fitilu, fim ɗin da ya ci kyautar ne, labarin wani uba mai kula da wurin ninƙaya a otel, da ɗansa da yaƙi ya ɗauke. Larabcinmu na Cadi suke yi haɗe da Faransanci, titunan da muke bi kullum ne a jikin majigi, ga kogin Shari. Na waiwaya na ga Baba yana share ido da bakin rawaninsa. Da muka fito ya ce mini tun da yake bai taɓa ganin garinsa a silima ba, kullum garin wasu yake kallo. Alhaji, wannan tsoho bai yi lakwal, wato boko, ko na kwana ɗaya ba, allo kaɗai ya sani.

Sai dai kar in ruɗe ka, tun daga lokacin harkar gidan faɗi-tashi take. Kuɗin shiga ya yi wa talaka nauyi, wuta ba ta tsayawa, ga waya ta zo kowa silimarsa na aljihunsa. Saboda haka kar ka yi shiri a kan cewa kullum ana nunawa. Amma ka je ka tsaya gabansa ko da sau ɗaya ne.

Inda za ka fi samun abu a kai a kai shi ne cibiyar al'adu ta Faransa, Institut français, wadda dā ake kira Centre culturel français. Akwai ɗakin karatu, akwai dandali na kiɗa da wasan kwaikwayo, ana nuna fim, kuma akwai ɗakin da masu zane da masu ɗaukar hoto suke rataye aikinsu. Na san abin da wasu za su ce a zauren nan: ai sojojin Faransa sun tattara sun bar ƙasar tun Janairun 2025, me za mu je yi gidansu? Ni dai abin da na gani a ciki 'ya'yan Cadi ne, su ke zane, su ke rawa, su ke zama a kujeru. Abin da ke damuna na daban ne, kuma ba zan ɓoye ba. Mai zanen ƙasar nan in yana so a ga aikinsa da daraja, yawanci sai ya bi ta ƙofar baƙi. Wanda ya ba ka ɗaki da fitila, ko bai faɗa ba, kana aiki kana tunanin abin da zai burge shi. Wannan laifin masu kuɗinmu ne, har da mu 'yan kasuwa. Muna da halin gina shaguna hawa biyu, ba mu taɓa tunanin ware ɗaki guda a ce nan na masu zane ne ba.

Tunda kai mai zane ne, ka nemi aikin wani da ake kira Doff, sunansa Apollinaire Guidimbaye. Shi da kayan da aka zubar yake aiki, wayoyi, ƙarafa, tarkacen da kai da ni za mu taka mu wuce. Karon farko da na tsaya gaban irin wannan aiki, kusa-kusa na tsaya kamar yadda nake duba ɗinki, sai na ga tarkace kawai. Wata yarinya 'yar makaranta ta ce mini, Baba ja da baya kaɗan. Na ja taku huɗu, sai ga siffa ta fito. Daga ranar na gane abu ɗaya ne da aikin wuyan babbar riga. In ka sa ido a kan allura zare kawai za ka gani, sai mai rigar ya tsaya nesa kake ganin aska takwas ta zauna.

Nan ne ma maganar Alhaji ta fi tsaya mini a rai. Mu da muka gaji rini, da dukanci, da surfani, da zanen bango irin na magina, da zayyanar allo ta masu sauka, yaya za a ce zane ba namu ba ne? Kakanninmu da wannan aikin hannu suka bi hanyar Makka ta nan, wasu suka zauna. Aikin yana hannunmu, ɗakin nunin ne ba ma shiga. Ba zan ce ba a taɓa yi mini kallon raini ba. Akwai wani wuri, ba zan kama suna ba, mai gadi ya dubi rigata da hulata ya ce mini kasuwa tana can gaba. Ya yi mini ciwo ƙwarai. Na ce masa nuni na zo kallo, ya matsa, na shiga. Da na juya a ranar, da shi ke nan na tabbatar masa da abin da yake zato.

Sauran wuraren bari in bi su da sauri. Akwai Maison de la Culture Baba Moustapha, an sa mata sunan wani marubucin wasan kwaikwayo na ƙasar nan da ya rasu a 1982 yana ɗan shekara 30, matasa 'yan wasa da mawaƙa suna taruwa a can. Akwai cibiyar Al-Mouna, mutanen coci ne suka kafa ta, amma Musulmi da Kirista duk suna zuwa, akwai littattafai da laccoci da darussan harshe. Can unguwar Mursal akwai Espace Talino Manu, inda za ka ga masu rawa da makaɗa. In da a watan Disamba za ka zo, da ka riski bikin Dary, wanda aka fara a 2018, kowane lardi yana kawo rawarsa da abincinsa da aikin hannunsa.

Wurare biyu kuma ban yarda ka koma Garwa ba ka taka su ba. Na farko gidan tarihi na ƙasa. Za ka ga kayan yumɓu na Sao, mutanen dā na wannan yanki, manyan tuluna da 'yan ƙananan siffofi, da kuma labarin Tumai, ƙoƙon kan nan da aka tono a hamadar Jurab a 2001, wanda masana suka ce ya kai shekara miliyan 7. Na biyu Gawi, ƙauyen ƙabilar Kotoko, tafiyar kamar kilomita 10 daga gari. Tsohuwar fadar sarki, ginin laka, an mai da ita gidan tarihi. Amma ni matan garin nake so ka kalla. Na taɓa zama kusan awa guda gaban wata tsohuwa tana gina tulu, ba injin juyi, ba ma'auni, hannu da ɗan tsinken ƙwarya kawai, tana jiƙa yatsu tana shafa baki har ya daidaita. Bangayen gidajensu ma da launin ƙasa suke zana su. In za ka ɗauki hoto ka nemi izini tukuna, ka gaishe su da Larabci, kuma ka sayi wani abu ko ƙarami ne, don da shi suke ci.

Maganar hoto ta tuna mini: a cikin gari ka kiyaye waya. Kar ka ɗaga ta kusa da fadar shugaban ƙasa, ko bariki, ko kan gada. Wannan ba wasa ba ne, za a iya karɓe ta, a tsare ka. Takardunka kuma su kasance a jikinka kullum.

Sannan kar ka zo hannu rabbana. Ka zo da zanenka guda biyar ko shida waɗanda ka fi yarda da su, ka naɗe su da kyau saboda ƙurar hanya. Finafinan ka sa musu rubutun Faransanci a ƙasa, don a nan Larabci da Faransanci ake ji, Fulatancin Garwa ba zai kai ka nesa ba, Hausa kuma sai a kasuwa da unguwanninmu. Amma maganar cikin fim ɗin ka bar ta da Hausarka, kar ka sauya. In an gama nuni kar ka sulale, ka tsaya ka gaisa da mai aikin, ka nuna masa naka. Yawancinsu ba su da girman kai, su ma da wahala suka taso.

Alhaji, in ka amince, ranar da za mu Gawi da yaron nan ina so ka zo mu tafi tare, motarka ta fi babur ɗina daɗi a wannan hanya. Ƙanena, kai kuma in ka sauka Kusiri ka kira ni kafin ka hau gada, da rana ka haye, kar ka bari yamma ta yi maka. Ɗakin baƙi yana nan, Hajiya ta riga ta sani. Ga kiran Magariba, bari in rufe shago. Wassalamu alaikum.