Me ya kai matuƙin jirgin soja koyarwa a jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana karatun injiniya a wata jami'a a Amurka. Ya ce a makarantarsu akwai wani Laftanar Kanar na sojan sama da ya daɗe yana tuƙa jirgin soja, yanzu kuma shi ne shugaban ɗaliban da ake horarwa su zama hafsoshi, har farfesa ake ce masa. Laifi ya yi aka raba shi da jirgi, ko ci gaba ne? Kuma shi ƙanen nawa zai iya shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba laifi ya yi ba. Muƙamin kwamanda ne aka ba shi, kuma sai an tantance mutum kafin a tura shi can.

Tsarin da ƙanenka ya gani shi ake kira ROTC, wato shirin horar da ɗaliban jami'a su zama hafsoshin soja. Dokar tsaron ƙasa ta 1916 ce ta kafa shi, ko da yake tun 1862 wata doka ta wajabta wa jami'o'in da gwamnati ta ba filaye su riƙa koyar da dabarun soja. Rundunar sojan sama, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1947, tana da nata reshen mai hedikwata a sansanin Maxwell da ke jihar Alabama, da rassa kusan 145 a jami'o'i. Kowane reshe yana da kwamanda, galibi Laftanar Kanar ko Kanar. Sunan farfesa kuwa doka ce ta ba shi: sharaɗi ne a kan duk jami'ar da ta karɓi shirin ta ba babban hafsan da aka turo mata wannan matsayi, ko da ba shi da digirin digirgir.

Don ka gane yadda aka yi ya iso nan, sai ka bi sawunsa tun daga farko. Yana gama jami'a aka ɗaura masa anini. Ya yi kimanin shekara guda yana koyon tuƙi a ɗaya daga sansanoni irin su Vance a Oklahoma, Laughlin a Texas ko Columbus a Mississippi, inda ake farawa da ƙaramin jirgin T-6. Daga ranar da ya kammala, akwai alkawarin shekara 10 na aiki a wuyansa, saboda kuɗin da aka kashe wajen horar da shi ba kaɗan ba ne. A waɗannan shekaru ne yake shan tashi sosai, ya zama jagoran tawaga, ya zama mai koyar da sababbin matuƙa. Amma da ya kai Manjo, rundunar takan fara janye shi daga jirgi sannu a hankali: kwas na manyan hafsoshi, aikin ofis a hedikwata, shugabancin mutane. Kafin ya kai Laftanar Kanar, wajen shekara 15 ko 16 da shiga aiki, abin da ake auna shi da shi ya koma yadda yake tafiyar da jama'a.

To me yake yi a jami'ar? Yana koyar da darasi, musamman ga 'yan ajin ƙarshe. Yana sa ido a kan fareti da motsa jikin asuba da atisayen shugabanci na mako-mako, wanda manyan ɗalibai ke gudanarwa da kansu. Yana zama da shugabannin jami'a kamar kowane shugaban sashe. Duk waɗannan ana ganinsu. Babban nauyin da ke kansa kuwa yana cikin alƙalaminsa. Shi ke jera ɗalibansa daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, kuma wannan jerin yana cikin abubuwan da ake dubawa wajen zaɓen waɗanda za su je horon bazara a Maxwell bayan shekara ta biyu, da kuma waɗanda za a ba gurbin koyon tuƙin jirgi, tare da makin jami'a da na ƙarfin jiki da jarrabawar tantance hafsoshin sojan sama da ake kira AFOQT. Idan ya ga yaro ba shi da gaskiya ko riƙon amana, yana da ikon ba da shawarar a sallame shi.

A nan nake ganin amfanin a sa matuƙi. Mutumin da ya taɓa miƙa ransa ga abokin tashinsa, ya kuma saba da zaman bitar da ake yi bayan kowace sauka, inda ƙarami ke iya nuna wa babba kurensa ba tare da jin nauyi ba, ya san bambancin yaro mai kaifin baki da yaron da za a iya dogara da shi. Janar Charles Q. Brown, matuƙin jirgin yaƙi na F-16 da ya zama shugaban sojan sama a 2020 sannan babban hafsan hafsoshin Amurka a 2023, ta wannan ƙofa ya shigo, daga jami'ar Texas Tech a 1984.

Amma zarginka bai rasa tushe ba. A da can an yi amfani da irin wannan aiki wajen ajiye mutum gefe. Benjamin O. Davis ƙarami, baƙar fata, ya gama makarantar horar da hafsoshi ta West Point a 1936, bayan ɗan lokaci aka tura shi koyar da dabarun soja a Tuskegee, wata kwaleji ta baƙaƙen fata, kamar yadda aka yi wa mahaifinsa, don kada ya shugabanci farar fata. Daga baya ya zama matuƙi a 1942, ya jagoranci matuƙa baƙaƙen fata da aka horar a Tuskegee a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma zama baƙar fata na farko da ya kai Janar a sojan sama a 1954. A yau ma aikin yana da tsadarsa: shekara biyu zuwa uku mutum zai yi ba tashi, kuma ga da yawa shi ne muƙamin ƙarshe kafin ritaya, wadda ake cancanta bayan shekara 20. Ita ma rundunar ba ta sakin matuƙi cikin sauƙi, tunda a 2017 ta bayyana cewa tana da giɓin matuƙa kusan 2,000.

Game da ƙanenka, ba a ɗaura wa kowa anini ta wannan hanya sai ɗan ƙasar Amurka, haka ma tallafin karatun shirin. Idan da bizar ɗalibi yake zaune, hanyar a rufe take. Idan kuma aikin soja a gida Nijeriya yake sha'awa, tsarinmu daban ne: ko dai NDA ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964 kuma take haɗa digiri da horon soja a wuri ɗaya, ko kuma ya gama digirinsa ya nemi gurbin gajeren kwas da sojan sama ke buɗe wa masu digiri. Da yake injiniya yake karanta, ta biyun ce ta dace da shi, sai dai ya kula da ƙa'idar shekaru da ake gindayawa a kowace sanarwa.